Hawan Jini a Tsakanin 'Yan Ci-rani

Da zarar an gama girbi, motoci kan cika da magidanta da samari daga Sakkwato, Katsina, Jigawa, har da Maraɗi da Damagaram, sun nufi Legas da Fatakwal. A Mile 12 da Agege za a tarar da su suna dako, ga-ruwa, gadi da acaɓa. Mutumin da ke sungumar buhun albasa ya ɗora a ka ba ya ɗaukar kansa marar lafiya. Ta nan hawan jini ke shammatar mutane, domin yakan yi shekaru a jiki ko ciwon kai babu.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum biliyan 1.3 ne ke da cutar, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Awo kaɗai ke tona ta: idan ya kai 140/90 ko ya wuce a ranaku biyu daban-daban, to hawan jini ne.

Rayuwar ci-rani kuwa rura wutar take yi. Wanda ya baro iyali a gida, teburin mai shayi ne madafarsa, ga indomi, ga miyar da ta sha ɗunƙule, alhali gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali guda. Ga goro da taba don korar barci a wurin gadi, ga tunanin kuɗin da za a aika gida. Da yamma jiki ya yi tsami, sai a tsayar da mai tallan magani a sayi “maganin gajiya”. Sau da yawa ibuprofen ko diclofenac ne a ciki, kuma yawan shansu na ƙara hawan jini, yana lalata ƙoda.

Babbar matsalar tana zuwa bayan an gano cutar. Magani irin amlodipine ƙwaya ɗaya ce a rana, amma kullum ake sha, galibi har ƙarshen rayuwa. Ɗan ci-rani kan sha na wata guda, ya ji garau, ya bari. Wani damina ce ke kiransa gida, katin asibiti yana Legas, shi yana gona, babu wanda ya san me ake ba shi. Jinin ya sake hawa shiru, sai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki, wasu ma su ce jifa ne. Abin takaici, gida guda ne ke rasa mai ciyar da shi a kan abin da ƙwaya ɗaya za ta tare.

Na'urar awo ba ta fi ƙarfin ƙungiyar 'yan dako ko ta 'yan acaɓa ba. Ya kamata sarakunan Hausawa na Kudu su ajiye ta a masallatan zango, a riƙa awo bayan sallar Juma'a. Wanda kuma aka ɗora a kan magani, ya rubuta sunan maganin a takarda, ya sayi na dukan damina kafin ya hau motar gida.