Kofin Zakarun Afirka: Daga Accra Zuwa Ƙofar Mata

Gasar cin Kofin Zakarun Ƙungiyoyin Afirka ita ce gasa mafi daraja da ƙungiyar ƙwallon ƙafa za ta iya shiga a wannan nahiya. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, wadda aka kafa a birnin Khartoum na Sudan a 1957, ita ke shirya ta. Tsarinta na asali mai sauƙi ne: duk ƙungiyar da ta zama zakara a ƙasarta sai ta fita ta gwada ƙwanji da zakarun sauran ƙasashe, wasa ɗaya a gida, ɗaya a waje, har a samu gwanin gwanaye. Turai ce ta fara irin wannan gasa a 1955, inda Real Madrid ta lashe kofuna biyar na farko a jere. Kudancin Amurka ta bi sahu a 1960, Afirka kuma ta fara tata a 1964, lokacin da ƙasashe da dama ba su daɗe da samun 'yancin kai ba.

Siyasar wancan zamani ta shiga cikin gasar tun daga tushe. Kofin farko sunan shugaban Ghana, Kwame Nkrumah, aka sa masa, domin shi yana ganin ƙwallo a matsayin hanyar haɗa kan Afirka da nuna wa duniya cewa baƙar fata na iya tafiyar da al'amuransu. A Accra aka buga wasan ƙarshe na farko a farkon 1965, inda Oryx Douala ta Kamaru ta ci Stade Malien ta Mali 2-1. Tafiya a lokacin ba ƙaramin aiki ba ce. Jiragen sama kaɗan ne, kuɗi babu, kuma sau da yawa ƙungiya kan janye saboda ba ta da halin zuwa wasan waje. Ko wasan ƙarshe na 1967 bai tsira daga rikici ba: Asante Kotoko ta Kumasi da TP Englebert ta Lubumbashi sun yi kunnen doki gida da waje, aka sa ranar wasa na uku, Kotoko ba ta je ba, aka miƙa wa Englebert kofi. Wannan Englebert ita ce TP Mazembe ta yau. Ta sake ɗauka a 1968, sannan Kotoko ta rama a kanta a 1970.

Shekarun 1970 na ƙungiyoyin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne. Hafia ta birnin Conakry, wadda gwamnatin Ahmed Sékou Touré ta riƙe da hannu bibbiyu, ta ci kofin a 1972 da 1975 da 1977, aka bar mata Kofin Nkrumah ya zama nata har abada. Kofin da ya maye gurbinsa sunan Sékou Touré ya ɗauka. Canon Yaoundé ta Kamaru ita ma ta ci sau uku, a 1971 da 1978 da 1980. Abin da ya ba waɗannan ƙungiyoyi ƙarfi shi ne 'yan wasansu suna zaune a gida. Ɗan wasa kan shekara goma a ƙungiya ɗaya, ya san abokin wasansa ciki da bai. Da ƙofar Turai ta buɗe sosai, manyan 'yan wasa suka fara kwarara Faransa da Beljiyam, sai wannan ƙarfi ya soma zagwanyewa.

Daga 1981 kofin ya karkata Arewacin Afirka, kuma har yau can ya fi zama. Al Ahly ta Alƙahira, wadda aka kafa tun 1907, ta fara ci a 1982. Abokiyar hamayyarta Zamalek ta ci a 1984 da 1986 da 1993, ta riƙe Kofin Sékou Touré. Ƙungiyoyin Aljeriya da Maroko da Tunisiya, irin su JS Kabylie da Raja da Wydad na Casablanca da Espérance ta Tunis, suka shiga rabon. Dalilin wannan rinjaye ba ɓoyayye ba ne. Waɗannan tsofaffin cibiyoyi ne masu mambobi da ke biyan kuɗin shekara, da filayen atisaye, da makarantun renon yara, da kuɗin talla da na talabijin. Suna iya biyan ɗan wasa albashin da zai hana shi rawar jikin fita waje, har ma su sayo na wasu ƙasashe. Bambancinsu da yawancin ƙungiyoyin Najeriya kamar bambancin manomin rani ne da manomin damina. Mai gona a bakin kanal a Kura ko Bunkure, wanda ruwan Tiga ke isar masa, yana tsara shekararsa tun kafin ya yi shuka. Wanda ya dogara da ruwan sama kuwa sai dai ya zuba ido. Ƙungiyar da albashinta ke jiran sa hannun gwamna tana cikin rukuni na biyu, kuma duk lokacin da gwamnati ta sauya ko aljihunta ya yi rauni, ƙungiyar ce ke fara ji a jika.

Najeriya ta daɗe tana ganin kofin nan yana wuce ta. Rangers ta Inugu ta kai wasan ƙarshe a 1975, Hafia ta doke ta. Shooting Stars ta Ibadan ta kai a 1984, Zamalek ta ci ta a Alƙahira ta kuma biyo ta Legas ta sake ci. A 1988 Iwuanyanwu Nationale ta Owerri ta ci Entente Sétif ta Aljeriya 1-0 a wasan farko, sannan ta sha kashi 4-0 a na biyu. Shooting Stars ta sake komawa a 1996, Zamalek ta sake fitar da ita, wannan karon a bugun fenariti. Akwai kuma abin da ya fi rashin kofi ciwo: a watan Satumba na 1994 jirgin da ya ɗauko 'yan wasan Iwuanyanwu daga Tunis ya yi hatsari a Tamanrasset da ke kudancin Aljeriya, kuma 'yan wasa biyu na cikin waɗanda suka rasu. A ƙananan gasannin nahiyar ne Najeriya ta fi samun sa'a, inda Shooting Stars ta ci kofin zakarun kofunan ƙalubale a 1976, Rangers a 1977, BCC Lions ta Gboko a 1990. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na wannan gasar a 1988. Kano ma ba a bar ta a baya ba, domin Raccah Rovers ta zama zakarar Najeriya a 1978, ta wakilci ƙasar a gasar zakarun a shekarar da ta biyo baya.

A 1997 CAF ta yi wa gasar garambawul, bisa koyi da abin da Turai ta yi a 1992. Aka shigo da wasannin rukuni, aka sa ladan kuɗi, aka fara sayar da 'yancin nuna wasanni a talabijin. Daga 2004 ƙasashe 12 da suka fi ƙoƙari suka samu damar tura ƙungiyoyi biyu-biyu, ma'ana ta biyu a gasar gida ma na iya shiga.

Cikin wannan sabon tsari ne Najeriya ta karya ƙofin da ya daɗe yana binta. Enyimba ta Aba, wadda gwamnan Abia na lokacin, Orji Uzor Kalu, ya zuba wa kuɗi da kulawa, ta ci Ismaily ta Masar 2-0 a Aba a 2003, aka ci ta 1-0 a can, ta dawo da kofi. Kocinta a lokacin Kadiri Ikhana ne. A 2004, ƙarƙashin Okey Emordi, ta kare kambunta a kan Étoile du Sahel ta Tunisiya a Abuja, da bugun fenariti. Masu kallo ba su manta dabarar ranar ba: ana dab da fara fenariti aka cire mai tsaron raga Vincent Enyeama aka sa Dele Aiyenugba, wanda aka sani da iya tare fenariti. Enyimba ce ƙungiya ta farko da ta ci kofin sau biyu a jere tun bayan Englebert a 1968.

Ga mutanen Kano kuwa, shekarar da ba a mantawa ita ce 2009. Kano Pillars, wadda magoya baya ke wa kirari da "Sai Masu Gida", an kafa ta ne a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ta farkon ƙungiyar hukumar WRECA ce, wato hukumar jihar Kano mai kula da ayyukan ruwa da madatsai, don haka manoman yankin noman rani na Kura da Bunkure da Kadawa sun san sunan tun kafin ya shiga tarihin ƙwallo. Pillars ta fara zama zakarar Najeriya a 2008, kuma Kadiri Ikhana ɗin nan ne ya ja ragamarta. Wannan nasara ce ta ba ta tikitin fita Afirka karo na farko.

Babu wanda ya sa mata rai da nisa, musamman da aka haɗa ta da Al Ahly a zagayen da ke kaiwa ga wasannin rukuni. Al Ahly ce ke riƙe da kofin, ta ci shi a 2005 da 2006 da 2008 ƙarƙashin koci ɗan Portugal Manuel José, tana da taurari irin su Mohamed Aboutrika. Aka tashi 1-1 a wasan farko a Najeriya, kowa ya ɗauka an gama. Sai ga Pillars ta je Alƙahira ta tashi 2-2. Bisa ƙa'idar ƙwallon waje, idan jimillar ci ta zo daidai, ƙungiyar da ta fi zura ƙwallo a gidan abokiyar karawarta ita ke wucewa. Pillars na da biyu, Al Ahly na da ɗaya. Haka aka yi waje da mai riƙe da kambu. A rukuni Pillars ta haɗu da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco United ta Zambiya, ta kuma fito ta ɗaya. Abin takaicin shi ne 'yar gida ce ta tare mata hanya: Heartland ta Owerri, wato tsohuwar Iwuanyanwu Nationale, ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe da jimillar 5-0. Ita ma Heartland ƙa'idar ƙwallon waje ce ta raba ta da kofin a hannun TP Mazembe.

Wannan Mazembe ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce hujjar cewa ba sai a Arewacin Afirka ake gina ƙungiya mai ɗorewa ba. Attajiri Moïse Katumbi ya gina mata filin wasa nata, ya samar da jirgin sama da makarantar yara. Ta ci kofin a 2009 da 2010 da 2015, kuma a 2010 ta zama ƙungiyar Afirka ta farko da ta kai wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyin duniya, bayan ta ci Internacional ta Brazil 2-0 a Abu Dhabi. Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu, zakarar 2016, irin wannan hanya ta bi.

Pillars ba ta sake maimaita abin da ta yi a 2009 ba, duk da cewa ta mamaye gasar Najeriya shekaru uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, tana da gwanaye irin su Rabi'u Ali da Gambo Mohammed. A filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ta shafe kimanin shekara 12 ba a doke ta a gasar gida ba, amma a Afirka tun zagayen farko-farko ake sallamar ta: AC Léopards ta Kwango a 2013, AS Vita ta Kinshasa a 2014, Moghreb Tétouan ta Maroko a 2015, Asante Kotoko a 2019. Dalilan sanannu ne ga duk mai bin ƙwallon gida. Sau da yawa gasar Afirka kan fara alhali ba a buɗe kakar wasa a Najeriya ba, 'yan wasa ba su motsa jini ba. Duk wanda ya yi fice kuma ba ya daɗewa. Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, bai ƙara wata kaka ba ya tafi Holan. Ga wahalar tafiya a mota tsakanin jihohi, wadda ta kai ga 'yan bindiga sun buɗe wa motar ƙungiyar wuta a watan Maris na 2015 a hanyarta ta zuwa Owerri, 'yan wasa da dama suka ji rauni, ana saura kwanaki kaɗan wasan Tétouan.

A wannan tsakani hankalin masu kallo ya koma Turai. A Kura, bayan an tashi daga gonakin shinkafa da tumatir da injinan casa, matasa kan cika gidajen kallon ƙwallo daren Talata da Laraba, a jere kan bencina, janareto na ruri a waje, mai gida na karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Yaron da zai lissafa kofuna 15 na Real Madrid, ya kawo labarin yadda Nwankwo Kanu da Finidi George suka ci kofin Turai da Ajax a 1995 ko Mikel Obi da Chelsea a 2012, zai yi wuya ya faɗi wanda ya ci na Afirka bara. Laifin ba nasa ba ne kacokan. Wasannin Turai ana nuna su a kan lokaci, da hoto mai kyau da sharhi har a gidajen rediyon Hausa, na Afirka kuwa sai an yi da gaske kafin a samu tashar da ke haska su. Asarar duk da haka babba ce, domin ƙungiyar da ba a kallon ta ba ta samun mai talla, wadda ba ta da mai talla kuma dole ta koma ƙofar gwamnati.

Gasar dai ta ci gaba da girma. A 2017 aka faɗaɗa wasannin rukuni daga ƙungiyoyi 8 zuwa 16, kuma a 2023 ladan zakara ya kai dala miliyan 4. Rikici bai ƙare ba: a wasan ƙarshe na 2019 'yan wasan Wydad sun ƙi ci gaba da wasa da Espérance bayan an soke musu ƙwallo kuma na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙalin wasa ba ta aiki. Al Ahly ce kan gaba da kofuna 12 bayan nasarorinta na 2023 da 2024, Zamalek da Mazembe na biye da biyar-biyar, Espérance na da huɗu. A 2025 wata sabuwar ƙungiyar Masar mai ƙarfin aljihu, Pyramids, ta ci Sundowns ta ɗauki kofinta na farko. A ɓangaren Najeriya, Enyimba ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2011, Sunshine Stars ta Akure ta kai a 2012, amma daga 2010 zuwa 2025 babu ƙungiyar ƙasar da ta sake buga wasan ƙarshe, kuma kofuna biyun Enyimba su ne kaɗai Najeriya ta mallaka.