Kimiyya a Rabin Aji: Daga Rake Zuwa Motar Kara

Tun shekarar 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta sanya renon ƙananan yara cikin ilimin tushe, shi ya sa ake ganin rabin aji a gefen firamarorin gwamnati. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne: wace kimiyya za a koya wa ɗan shekara biyar da bai iya riƙe fensir ba?

A ƙasar Makarfi amsar tana bakin gona. Wurin masu mazarƙwaila, yaro zai ga an tura rake cikin injin matsa, ruwa na tsiyaya. Zai ga an zuba ruwan a babban kasko, an hura wuta, tururi na tashi, ruwan na raguwa yana kauri, har a ɗura shi a ƙananan kwanoni ya daskare. Malama mai basira ba sai ta yi dogon bayani ba. Ta tambaya kawai: "Yara, ina sauran ruwan ya tafi?" Ta bar su su yi gardama. Washegari ta sa ruwan gishiri a faranti, a ajiye a rana, su dawo su tarar da gishiri zalla. Sun ga yadda zafi ke tafiya da ruwa ya bar abin da ya narke a ciki, darasin da za su sake haɗuwa da shi a sakandare.

A Ikara, garin da aka san shi da masana'antar tumatir, kauɗar da ake shanyawa darasi ɗaya take bayarwa. A Kudan kuwa, inda noman inabi ya kankama, kallon yadda reshe ke bin waya yana hawa ya isa aikin mako guda.

Injiniyanci ma yaran nan sun riga malamai farawa. Mai ƙera motar kara yana feƙe ɓawo, yana soka shi a totuwa, yana yanko tayoyi daga tsohon silifas. Idan taya ɗaya ta fi sauran girma, motar ta karkace, dole ya sake awo. Gwaji ne, da kuskure, da gyara. Abin takaici, sau da yawa a ƙofar aji ake ƙwace motar a ce wasa ne, alhali Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa irin wannan makaranta suna a 1840, da 'yan guntayen katako ya gina koyarwarsa. Lissafi kuma, ga murafen kwalba na ƙirge, ga mudu da gwangwani: gwangwani nawa ke cika mudu?

Da Hausa ya kamata a yi duk wannan. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi harshen gida ga wannan mataki, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci ba su gaza a kimiyya ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne malami. Rabin aji na buƙatar wanda aka horar musamman, mai jure tambaya, da ɗakin da bai cika maƙil ba. Wannan nauyi yana wuyan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Kaduna da kwalejojin horar da malamai irin ta Gidan Waya, da kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna.