Sayen Mota A Sakkwato: Inji Ake Saurara, Takarda Ke Jawo Hasara

Duk wanda ya bi ta gaban Sakatariyar Usman Faruk a birnin Sakkwato da misalin ƙarfe takwas na safe, zai ga motocin ma'aikata suna shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa na neman gindin bishiyar dogonyaro inda zai ajiye tasa kafin rana ta ɗaga. In ya lura da kyau zai ga da wuya a sami ɗaya daga cikinsu wadda mai ita ya saya sabuwa. Yawancinsu sun yi shekaru suna tafiya a titunan Turai ko na Amurka kafin su iso nan, wasu kuma sun bi hannun mutum uku ko huɗu a cikin ƙasar nan kafin su kai ga wanda ke tuƙa su.

Da ba haka abin yake ba. Tsofaffin ma'aikatan da suka yi aiki tun zamanin Jihar Arewa maso Yamma, wadda aka kafa a 1967 da hedkwatarta a Sakkwato, suna tuna lokacin da ma'aikaci in ya kai wani matsayi Gwamnati ke ba shi rancen mota, a riƙa cirewa daga albashinsa kaɗan-kaɗan, a kuma haɗa masa da alawus na kula da ita. A farkon 1975 aka biya ƙarin albashin Udoji haɗe da ariyas, kuma a cikin wannan shekara kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, na Volkswagen kuma a Legas. Mutum ya kan karɓi 504 ko Beetle ɗinsa da ledar kujeru a jiki, da rasit na kamfani, da tabbacin cewa in ta sami matsala cikin wani wa'adi za a gyara masa. Babu batun kwastan a kansa, babu kuma shakkar wanda ya riga shi hawa.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan zamani shi ne faɗuwar darajar Naira. Kafin 1986 Naira ɗaya ta kan kai dala ɗaya ko ma ta fi, amma da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP aka buɗe kasuwar canji a watan Satumba na wannan shekara, sai dala ta koma wajen Naira huɗu, daga nan kuma ba ta sake komawa yadda take a da ba. Sabuwar mota ta gagari mai albashi. Sai 'yan kasuwa suka juya ga motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje, waɗanda mutanen kudu ke kira tokumbo, a nan arewa kuma aka fi kiransu Beljiyam, saboda daga tashar jiragen ruwan wannan ƙasa aka riƙa ɗauko da yawansu.

Wurin da Sakkwato take ya sa ta shiga wannan ciniki da wuri. Motar da aka sauke a tashar Kwatano ta Jamhuriyar Benin ta kan hau arewa ta ƙetare kogin Kwara a Gaya, ta bi ta Dosso zuwa Birnin Ƙonni, daga can kuwa Illela ba nisa, Illela zuwa Sakkwato kuma bai kai kilomita 100 ba. Da yake tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama kamar maƙwabtanta da Faransa ta mulka, motar da ta dace da titin Ƙonni ta dace da na Sakkwato ba tare da an taɓa sitiyarinta ba. Shekara da shekaru ma'aikaci in ya karɓi adashi ko ya sayar da amfanin gona, sai ya nemi wanda ya san hanya su tafi Ƙonni ya zaɓo.

Daga ranar 1 ga Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashoshin jiragen ruwa. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, kuma ko da aka buɗe a watan Maris na 2024, Nijar ta ci gaba da tsare gadar da ta haɗa ta da Benin. Waɗannan rufe-rufe sun rage motocin da ke biyowa ta babbar hanya, amma iyaka ce mai faɗi, mai hanyoyin daji barkatai, don haka ba kowace motar da ake gani a filin dillalai ce ta shigo ta ƙofa ba.

To, a nan ne mai saye ke yin kuskuren da ya fi kowane tsada. Al'adar ciniki ita ce mutum ya tafi da bakanikensa. Bakanike ya buɗe bonet, ya ta da inji ya kasa kunne, ya zaro sandar bakin mai ya murza a yatsa, ya duba hayaƙin salansa, ya ja motar zuwa titin bayan gari ya gwada giya da birki. In ya ce tana da lafiya sai a shiga taya farashi, a sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Takardu kuwa sai daga baya ake miƙo su a cikin wata ambulan, mai saye ya jefa a aljihun mota bai ko buɗe ba. Alhali inji in ya mutu ana iya sayen wani a ɗora, amma motar da takardar kwastan ɗinta ta zamo ta jabu, ranar da aka tare ta a shingen hanyar Gusau ko ta Birnin Kebbi ana iya ƙwace ta ɗungurungum, kuma cewa mutum ya saya ne da kuɗinsa bisa rashin sani ba ya kuɓutar da ita.

Hukumar Kwastan ba ta ɓoye matsayinta a kan wannan ba. A 2017 ta nemi ta tilasta wa masu motoci su je su tabbatar da biyan harajinsu, sai da Majalisar Dattawa ta sa baki aka dakatar. A 2019 ta rufe filayen dillalan motoci a garuruwa da dama. A watan Maris na 2024 kuma ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu motocin da ba a biya wa haraji daidai ba su zo su gyara takardunsu. Da yake ana lissafin harajin ne bisa canjin dala, wanda a hukumance ya tashi daga wajen N460 a tsakiyar 2023 ya haura N1,500 a watan Fabrairu na 2024, ribar kauce wa kwastan ta ƙaru ƙwarai, masu buga takardun jabu kuma suka sami kasuwa.

Maganin abin ba shi da wuya, sai dai yana bukatar haƙuri na kwana ɗaya ko biyu. Kusan kowace motar da aka ƙera tun daga shekarun 1980 tana da lambar cesis mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin madogarar ƙofa. Wajibi ne wannan lamba ta yi daidai da ta jikin takardar kwastan, harafi bayan harafi, ba tare da alamar kankara ko sabon walda a kewayenta ba. Sa'an nan a kai takardar ofishin kwastan na Sakkwato a tabbatar tana cikin rajistarsu kafin kuɗi su fita daga hannu. Dillalin da ya ce ana sauri, wani na nan zuwa da kuɗi a hannu, ya riga ya ba mai hankali amsa. Da wannan lamba ɗin kuma ana iya binciko tarihin motocin Amurka ta intanet, domin da yawa daga cikinsu gwanjonsu aka yi bayan sun yi karo ko ambaliya ta cinye su, aka buge bodi aka yi fenti, aka mai da agogon tafiya baya. Ɗalibin da ya iya waya yana iya yi wa mahaifinsa wannan bincike cikin 'yan mintoci.

In an wuce ciniki sai gyara, kuma ƙasar Sakkwato ba ta tausayin inji. A watannin Afrilu da Mayu zafi ya kan haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura ta toshe matatar iska. Duk mai tsohuwar mota ya san hanyar garejin J. Allen da shagunan kayan gyara na Sahara, kuma dole a yaba wa kanikawan garin, waɗanda da basira suke raya motocin da a ƙasashen da aka ƙera su tuni an kai su juji. Amma akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ƙasar nan wadda ya kamata a sake dubawa. Da zarar mota ta iso sai a ce ta ƙasar sanyi ce, a cire tamosta, watau ɗan makullin nan da ke daidaita zagayawar ruwa tsakanin inji da lagireto, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayarwa. An ƙera inji ne ya yi aiki a zafin wajen digiri 90. In bai kai haka ba, kwamfutar motar ta kan ɗauka har yanzu da sanyi, ta ci gaba da ƙara mai, ƙarafa kuma su riƙa cin juna. Mai mota ya ga allurar zafi a ƙasa ya yi murna, bai san aljihunsa ake zuƙa ba, a lokacin da litar fetur, tun bayan janye tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, ta tashi daga ƙasa da N200 har ta haura N1,000 a ƙarshen 2024. Motar da ke zafi yawanci lagiretonta ne ya toshe da tsatsar ruwan famfo, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ta mutu, kuma waɗannan ne ya kamata a gyara.

Kayan gyara su ma aji-aji ne: akwai sabo na ainihi, akwai na Beljiyam da aka ciro daga wata motar, akwai kuma sabon kwaikwayo mai kyan kwali. Mai hankali ya kan je shago da kansa tare da bakanike, ya kuma ce a mayar masa da tsohon da aka cire. Ya lura kuma da abin da ke cikin salansa da ake kira indomi, wanda ke tace hayaƙi, domin yana ɗauke da ƙarafa masu tsada, ɓata-gari na fasa shi su sayar, mai mota bai farga ba sai ƙarar salansa ta sake.

Sai maganar inshora, wadda yawancin masu motoci ke ɗauka wata takarda ce kawai ta nuna wa ɗan sanda. Tun dokar 1945 aka wajabta wa mai mota ya yi inshorar da ke kare wanda ya yi wa ɓarna a hanya, kuma a 2025 aka tattara dokokin inshora cikin sabuwar doka guda, wajibcin na nan. Daga ranar 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta ɗaga kuɗin motar gida daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da kamfani zai biya na dukiyar da aka lalata daga Naira miliyan ɗaya zuwa miliyan uku, ban da diyyar rauni ko rasa rai. 'Yan sanda sun fara tsananta binciken wannan takarda daga 1 ga Fabrairu 2025. Ya kamata a gane cewa wannan inshora ba ta gyara motar mai ita. Wadda ke yin haka ita ce cikakkiya, kuɗinta kuwa ba ya kasa kashi biyar cikin ɗari na darajar mota, watau N300,000 a shekara ga motar Naira miliyan shida, abin da ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama N70,000 a 2024.

Abin takaici shi ne yadda mutum zai ba wani ɗan tsakani kuɗi ya sabunta masa takardu, a kawo masa satifiket mai tambari da kyan gani wanda babu kamfanin da ya san da shi. Ranar da ya buge motar wani a shatale-tale, ko ya kaɗe ɗan kabu-kabu, sai ya tarar shi kaɗai zai biya, wani lokaci har da sayar da fili. Kamfanonin inshora suna da rajista guda ta ƙasa mai suna NIID, inda ake sa lambar mota a ga ko inshorarta ta gaskiya ce. Masu ƙyamar inshora saboda addini kuma, tun 2013 aka fitar da ƙa'idojin takaful, wanda aka gina bisa taimakon juna ba tare da riba ba, kuma akwai kamfanoni masu lasisi da ke yin sa.

Daga ƙarshe mota ta kan gaji, ko mai ita ya gaji da ita, sai a shiga musaya: a ba dillali tsohuwa, a yi ciko a karɓi wata. Sauƙin abin yana jan mutane, amma dillali sau biyu yake ci, ya karya farashin wadda aka kawo, ya kuma ɗaga na wadda za a ɗauka, don haka ya fi kyau a san kuɗin kowacce daban kafin a yi maganar ciko. Abin da aka fi mantawa shi ne canjin suna. Mutum ya sayar da mota da baki kawai bisa amana, ba takardar ciniki, ba shaidu, ba a je ofishin lasin an canja sunan mai ita ba. Motar ta bi hannu zuwa Gusau ko Kano, bayan shekara biyu a yi hatsari da ita ko a kama ta a wani laifi, 'yan sanda su buɗe rajista, sunan da adireshin da za su gani na wannan ma'aikacin ne da ke zaune a ofishinsa a Sakkwato, wanda ko launin motar ya fara mantawa.