Tsara kiɗan wasannin bidiyo

Tsara kiɗan wasannin bidiyo sana'a ce ta ƙirƙirar kiɗan da ke tafiya tare da wasan da ake bugawa a wayar hannu, ko a kwamfuta, ko a na'urorin gem irin su PlayStation. Mai wannan sana'a shi ke haɗa kiɗan buɗe wasa, da na kowane mataki, da gajerun sautukan da ake ji idan an yi nasara ko an faɗi. Abin da ya bambanta ta da kiɗan fim shi ne lokaci. A fim an riga an san tsawon kowace fitowa kafin makaɗi ya fara aiki. A wasa kuwa mai bugawa ne ke da iko da lokaci, yana iya tsallake mataki cikin daƙiƙa ashirin, yana kuma iya maƙalewa a wurin har rabin awa, kuma dole kiɗan ya dace da duka biyun.

Tarihi

Na'urorin farko ba sa iya fitar da sauti da yawa a lokaci ɗaya. Na'urar Famicom da kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar a 1983 tana da hanyoyin sauti biyar ne kacal, kuma da su Koji Kondo ya tsara kiɗan Super Mario Bros. na 1985. Nobuo Uematsu, wanda ya yi kiɗan Final Fantasy na 1987, da kansa ya koya wa kansa kiɗa. A 1991 kamfanin LucasArts na Amurka ya yi amfani da wani tsari mai suna iMUSE a wasan Monkey Island 2, inda kiɗa ke sauyawa daidai da abin da mai wasa ke yi ba tare da ya katse ba.

Waƙar wasan bidiyo ta farko da ta ci lambar yabo ta Grammy da harshen Afirka aka rera ta. Ita ce "Baba Yetu" ta Christopher Tin, da harshen Suwahili, wadda aka yi wa wasan Civilization IV na 2005, ta kuma ci lambar a 2011. Sai a 2023 aka fara bayar da Grammy a rukuni na musamman na kiɗan wasannin bidiyo, inda Stephanie Economou ta fara lashewa.

Yadda kiɗan ke aiki

Mafi yawan kiɗan wasa mai zagayowa ne, wato ana haɗa ƙarshensa da farkonsa ta yadda kunne ba zai ji inda aka ɗinke ba. A kan wannan ake gina dabaru biyu. Ta farko ita ce jera kiɗa hawa-hawa: ana iya fara mataki da sarewa kaɗai, idan abokin gaba ya matso sai ganguna su shigo, idan ya tafi su janye. Ta biyu ita ce yanka kiɗan gunduwa-gunduwa, wasan ya riƙa zaɓar gunduwar da za ta biyo baya gwargwadon halin da ake ciki. Manhajojin da aka fi amfani da su wajen haɗa kiɗa da wasa su ne FMOD da Wwise, kuma suna aiki da injinan gina wasa kamar Unity da Unreal.

Kamanceceniya da kiɗan Hausa

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi a yankin noma na Malumfashi da Funtuwa a kudancin Jihar Katsina. A wurin gayya, mai gangar noma yana kallon masu huɗa ne yana kiɗa. Idan wani ya yi fintinkau a kunyarsa sai a juya ganga zuwa takensa, idan gajiya ta sauko a ɗaga kiɗan domin a zaburar da su. Haka abin yake a fagen dambe, inda kowane shahararren ɗan dambe ke da takensa, da an kaɗa shi ’yan kallo sun san wanda zai fito. Taken nan shi ne ainihin abin da masu tsara kiɗan wasa ke yi idan sun ba kowane jarumi ɗan gajeren kiɗan da za a riƙa gane shi da shi. Waƙoƙin Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa ya kuma daɗe yana zaune a Funtuwa, su ma a kan amshi mai zagayowa da kalangai aka gina su, shi kuma yana tsawaita waƙa ko ya gajarta ta gwargwadon taron da ke gabansa.

Ta fuskar na'ura ma akwai tushe. Tun ƙarshen shekarun 1990 masana'antar Kannywood ta dogara ga kiɗan fiyano na Yamaha, musamman bayan karɓuwar fim ɗin Sangaya na 1999, kuma a yau ɗimbin matasa na haɗa kiɗa da manhajoji irin su FL Studio. Da wannan manhaja Toby Fox ya yi kiɗan wasan Undertale na 2015. Sai dai sabon aikin situdiyo a ƙasar Hausa ya karkata ne ga waƙa mai baiti da amshi, ta fim ko ta biki ko ta siyasa, kuma hanyar da mawaƙan yankin suka saba bi ita ce ta Kano, kamar yadda Dauda Kahutu Rarara na ƙaramar hukumar Ɗanja ya yi. Kiɗan wasa galibi ba shi da murya, kuma ana son ya tsaya a baya. Wanda ya saba cika kiɗa da kayan sauti tun daga farko yakan sha wuya kafin ya koyi ragewa.

Masana'antar a Najeriya da Afirka

Yawancin sanannun kamfanonin gina wasa a Najeriya a Legas suke, kuma wasannin waya suka fi yi. Maliyo Games, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, shi ya fitar da Aboki Run da Whot King, sannan a 2024 ya yi Iwájú: Rising Chef tare da kamfanin Disney. Kamfanin yana kuma gudanar da shirin horaswa mai suna GameUp Africa. A Kamaru akwai Kiro'o Games da ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan a 2016, sai Leti Arts da ke aiki a Gana da Kenya. Ƙananan kamfanoni ba su cika ɗaukar makaɗi aikin dindindin ba, sukan ba da kwangilar wasa ɗaya ne, kuma tun da ta intanet ake tura aikin, ba dole ba ne mai yin sa ya bar garinsu.

Hanyar shiga sana'ar

Masu ba da aiki sun fi duba abin da mutum ya taɓa yi a kan takardar shaidarsa. Saboda haka masu farawa kan ɗauki bidiyon wani wasa su cire sautinsa su ɗora nasu, ko su gina ɗan ƙaramin mataki a Unity domin nuna kiɗan yana sauyawa da kansa. Samfuri na biyun ya fi nauyi, domin yana nuna cewa mutum ya fahimci yadda wasa ke aiki.

Hanya ta biyu ita ce gasar gina wasa cikin ƙanƙanen lokaci. Mafi shahara ita ce Global Game Jam, wadda aka fara a 2009, ana yin ta a watan Janairu, ƙungiyoyi kan gina wasa cikin kimanin awa 48. A irin waɗannan taruka ne makaɗi ke saduwa da masu rubuta manhaja, kuma ba kasafai ƙungiya ke da wanda ya iya sauti ba. Daniel Rosenfeld na Jamus, wanda aka fi sani da C418, ta intanet ya haɗu da mai ƙirƙirar Minecraft tun wasan yana ƙaramin gwaji, daga nan ya zama mai kiɗansa.

Wasan waya yana da nasa sharuɗɗa. Dole fayil ɗin kiɗa ya zama ƙarami saboda tsadar data, sannan lasifikar waya tana haɗiye sauti mai kauri, don haka amon babbar ganga kan ɓace, na kalangu da kukuma da sarewa kuwa ya fito sarai. Kayan aikin farko ba su wuce kwamfuta da abin saurare na kunne mai kyau da makirufo ba. Abin da ya fi takura wa mai aiki daga garuruwa irin Malumfashi shi ne wutar lantarki, da ƙarfin intanet, da hanyar karɓar kuɗi daga ƙasashen waje.

Biyan kuɗi da haƙƙin mallaka

Ana biyan mai tsara kiɗa ne ko dai bisa kowane minti na kiɗan da aka kammala, ko a dunƙule a kan aikin gaba ɗaya, ko a ba shi kaso daga cinikin wasan. Na ƙarshen nan shi ya fi haɗari, saboda ƙananan wasanni da yawa ba sa kaiwa kasuwa. Manyan kamfanoni sukan sayi kiɗan ɗungurungum ya zama mallakarsu, ƙananan kuma wani lokaci sukan karɓi izinin amfani kawai su bar wa makaɗin damar sayar da shi daban. A Najeriya Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ke kare irin wannan aiki, kuma a ƙarƙashinta sai da rubutacciyar yarjejeniya ake miƙa haƙƙin mallakar kiɗa ga wani.