Motar Asibiti Ba Ta Tashi Sai An Kira Ta

A yawancin garuruwanmu, wanda ya leƙa bayan sakatariyar ƙaramar hukuma ko gefen asibitin gari ba zai sha wahala ba kafin ya ga farar mota an ɗora ta a kan duwatsu, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Abin da ya rage da kyansa a jikinta shi ne sunan wanda ya ba da ita gudummawa. Ranar da aka kawo ta an yi taro, an kunna jiniya, an ɗauki hotuna. Bayan 'yan watanni aka rasa mai sayen mai, aka rasa mai biyan direba. Duk wanda ya ga haka zai ce matsalarmu ita ce rashin motar asibiti mai aiki, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai ko an gyara duk motocin nan gobe an cika musu tanki, rayuka da yawa za su ci gaba da salwanta, domin mota ba ta tashi sai an kira ta, mu kuwa ba mu cika kira ba sai abu ya lalace. A ganina al'ummar da ke son kafa hidimar ɗaukar marasa lafiya, kafin ta nemi mota, sai ta fara da abin da ke faruwa a cikin ɗaki: wa ya gane cewa ciwon nan ya wuce na gida, wa ke da ikon cewa a tafi, da wane kuɗi, kuma lambar wa za a buga.

A shekarar 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka bi diddigin mutuwar mata wajen haihuwa a ƙasashe masu tasowa, suka ce jinkiri iri uku ne ke kashe su: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Motar asibiti na biyun kaɗai take magancewa. Na ukun yana wuyan hukuma da ma'aikatan lafiya. Na farkon kuwa namu ne, ba gwamnan da zai shigo tsakar gida ya yanke mana shi. Kuma a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu sanadiyyar ciki da haihuwa a duniya duka 'yan Nijeriya ne. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin kashi 16. Ma'ana, mafi yawan matanmu in matsala za ta taso, a gida za ta same su, a gaban mutanen da ba su taɓa zama ajin koyon aikin jinya ba.

Ga yadda abin yake kasancewa. Mace ta haihu bayan isha'i, jariri ya yi kuka, an yi hamdala. Mabiyiya ba ta faɗo ba, jini na zuba. Ungozoma ta canza zani na farko, ta canza na biyu, ta ce a ba ta ruwan zafi, jinin haihuwa ne, zai tsaya. Mai jego ta ce tana ganin jiri, aka ce gajiya ce. Maigida ya tafi ci-rani, wayarsa a kashe. Ƙaninsa yana zaure, amma ba ya so a ce ya fitar da matar wansa da dare ba izini. Uwar miji ta haifi tara a ɗaki, ba ta ga abin tayar da hankali ba. Kafin a daidaita baki an yi sa'a biyu, sannan a fara neman mai mota, shi kuma ya ce ba shi da mai. Likitoci sun daɗe da sanin cewa zubar jini bayan haihuwa na iya kashe lafiyayyar mace cikin sa'o'i biyu. Maganin da ke tsuke mahaifa ya tsayar da jinin, allurar oksitosin ko ƙwayar misoprostol, ba ya cikin magunguna masu tsada. Ba wanda ya yi mugunta a gidan nan, kowa yana son ta. Abin da ya ɓace shi ne sani da kuma izinin da aka bayar tun da wuri. Shi ya sa masu wayar da kai a karkara suke nacewa kan miji ya faɗa a gaban shaidu, tun ciki yana ƙarami, cewa duk ranar da alamar haɗari ta bayyana a kai matarsa asibiti ko yana nan ko ba ya nan. Magana ce ta minti ɗaya, ba ta cin ko kwabo.

Alamomin ba su da wuyar riƙewa. Ga mai ciki, duk jinin da ya zubo kafin haihuwa, kome ƙanƙantarsa, abin tafiya asibiti ne, haka wanda ya ƙi tsayawa bayan haihuwa. Matsanancin ciwon kai da dishi-dishin gani da kumburin fuska da hannuwa su ne masu share wa jijjiga hanya, jijjiga kuwa in ta zo ba a jiran ta biyu. Naƙudar da ta wuce sa'o'i 12, ko hannu ko cibiya ta riga kai fitowa, ko mabiyiya ta ƙi faɗowa, ko zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa, duk ba na ɗaki ba ne. Kunyar haihuwar fari, wadda ke sa yarinya ta danne ciwo kwana biyu don kada a ce ba ta da dauriya, ita ce ta kai mata da yawa asibitin Babbar Ruga a Katsina da yoyon fitsari, bayan sun rasa jaririn. Ga yaro, abin tsoro shi ne ya kasa shan nono ko ruwa, ya riƙa amayar da duk abin da aka ba shi, ya yi taune-taune, ya yi laushi har a kasa tashinsa, ko a ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki in yana jan numfashi. Sanƙarewar wuya da zazzaɓi a lokacin zafi ba a kwana da su. Amai da gudawa mai tsananin ruwa kan ƙarar da babban mutum tsakanin safiya da yamma.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ciwon da ke zuwa farat ɗaya, domin shi ne ake saurin jingina wa iska. Dattijo yana alwala, buta ta suɓuce masa, baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa. Sai a shimfiɗa tabarma a shiga hayaƙi da shafe-shafe, a yi kwana uku kafin a tuna da asibiti. Alhali jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, galibi saboda hawan jinin da aka daɗe ba a auna ba. Allurar da ke narkar da gudan jinin, a manyan asibitocin da suke da ita, ba a yin ta in an wuce kimanin sa'o'i huɗu da rabi da fara ciwon. Ko a inda babu ita, kulawar likita a ranar farko tana rage abin da zai biyo baya. Haka nauyin ƙirji mai zuwa da gumi da haki, mai sauka hannu ko muƙamuƙi, wanda ake ce wa gyambon ciki a aika yaro kemis. Kuma sau da yawa taimakon da muke yi kafin a tafi shi ke ƙara ɓarna. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa ko nono ko manja, don huhu za su tafi. A kwantar da shi a gefensa. Mai jijjiga ba a cusa masa cokali a baki, ba a danne shi, ba a kara ƙafar yaro a wuta. Wanda kububuwa ta sara ba a tsaga wurin, ba a ɗaure shi tamau, domin dafinta hana jini daskarewa yake yi, tsagar sai ta zama wata ƙofar zubar jini. Ma'aikatan asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe sun sha ganin irin wannan. Wanda ya yi haɗari yana kukan wuya ko baya ba a cicciɓarsa hannu da ƙafa a jefa bayan mota. A tallafe kai da wuya a miƙe, a danne inda ke zubar jini da tsumma mai tsabta.

Wani zai ce duk wannan bayani ina amfaninsa, tunda ko an kira ba mai zuwa. Akwai gaskiya a ciki. Lambar 112 kyauta ce a Nijeriya, 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ce, kuma a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin agajin gaggawa da motocin asibiti na ƙasa, NEMSAS, wanda aka fara gwadawa a Abuja. Amma ƙauyen da ke bayan rafi a tsakiyar damina ba zai rataya ransa a kan motar da za ta taso daga babban birnin jiha ba. Amsar ita ce hidimar al'umma ba lallai ta kasance farar mota mai jiniya ba. Tun a shekarun 1990 aka gwada haɗa kai da direbobin tasha a jihar Kebbi don kai mata masu naƙuda asibiti. Daga baya tsarin ya bazu ta hannun ƙungiyar direbobi ta NURTW a jihohi irin su Jigawa, Katsina, Yobe, Zamfara da Adamawa: direba ya sa kansa, a koya masa alamomin haɗari da yadda ake ɗaukar mai ciki, a ba mutanen ƙauyuka lambarsa, ya amince zai tashi ko da tsakar dare a kan kuɗin mai kawai. Ladarsa a tasha ita ce a ba shi damar yin lodi ba tare da bin layi ba. Wannan dabara ta burge ni, domin ta yi amfani da abin da ke akwai, kuma ta biya mutum da kuɗin da ya san darajarsa. A Ghana ma an taɓa koya wa direbobin haya sama da 300 taimakon farko, bisa lura da cewa su ne ke fara isa wurin haɗari. Mu nan muna da 'yan agajin ƙungiyoyin addini a kusan kowace unguwa, da masu a-daidaita-sahu da ba sa nisa da gida. Abdul Sattar Edhi na Pakistan, wanda ya rasu a 2016, da tsohuwar mota guda ya fara a Karachi, sadakar talakawa ce ta mai da ita rundunar motocin asibiti da duniya ta san da ita.

Batun kuɗi shi ne ƙorafi mafi nauyi, don mutum na iya gane alama sarai ya yi shiru saboda aljihu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, wata dokar ta 2017 kuma ta ce a duba wanda aka harba ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. Sanin wannan yana ƙara wa mai jinya ƙarfin baki a bakin ƙofa, ko da yake doka ba ta sayen fetur. Abin da ke sayen fetur shi ne asusun da aka tara tun lafiya lau. A gundumar Keita ta jihar Tahoua a Nijar an gwada ƙara dala 20 ta kuɗin sefa a kan kowane ganin likita, a tara don biyan kuɗin kai masu tsananin ciwo babban asibiti. Al'ummar da ta iya adashi, ta iya haɗa gudummawar biki, ba za a ce wannan ya fi ƙarfinta ba. Abin da ke rusa irin wannan asusu sananne ne: kuɗi a aljihun mutum ɗaya, ba littafi, ba mai tambaya. A karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a bainar jama'a duk wata, a gaban mai unguwa da liman da wakiliyar mata.

Masu cewa ajali in ya zo ba mota mai tare shi, ba wanda ya musa musu. Sai dai ba wanda aka nuna wa ranarsa, malamai kuma sun daɗe suna bayanin cewa neman magani ba ya warware tawakkali. A yi addu'ar a cikin mota.

Akwai kuma masu tsoron kishiyar matsalar: in aka ce kowa ya kira, za a riƙa tashin direba saboda mura da ciwon haƙori har ya gaji ya kashe waya. Wannan ma yana faruwa, kamar yadda motar asibiti kan koma ta kai gawa maƙabarta ko ta kwaso kayan bikin gidan shugaban kwamiti, har mutane su riƙa ƙyamar shigarta da rai. Maganinsa ƙa'ida ce da kowa ya sani: abin da ya taɓa numfashi, ko hayyaci, ko jini mai zuba, ko mai ciki da jariri, shi ne na mota, sauran a je asibitin unguwa da safe. In an yi kokwanto a kira, domin asarar litar mai biyar a kan abin da ya zo da sauƙi ba a haɗa ta da ɗaya asarar. Wanda zai kira kuma ya natsu ya faɗi gari da unguwa da wata alama da ba a ɓata, masallacin Juma'a ko makarantar firamare, ya faɗi abin da ya faru da lokacin da ya fara, kada ya riga wanda ya amsa kashe waya, ya tura yaro bakin titi da tocila. Tun kafin a tashi a buga wa asibitin da za a je a ji ko akwai ma'aikaci da jini, don kada a ɓata sa'a a ƙofar da za a ce a wuce gaba. In zubar jini ce, 'yan'uwa biyu ko uku masu ƙoshin lafiya su bi motar da niyyar bayar da nasu, a ɗauki katin awo da duk maganin da marar lafiya ke sha.