Royal gramma: Ƙaramin kifin teku mai iyo a rigingine

Tsawonsa bai wuce santimita 8 ba. Rabin jikinsa shunayya ne, wajen wutsiya kuma rawaya. Asalinsa tekun Karibiyan, kuma shi ne Gurgle a fim ɗin Finding Nemo na 2003.

Masu kiwon kifin ruwan gishiri a akwatin gilashi na son sa ne saboda ba ya taɓa murjani, ba ya tsokanar sauran kifaye. Buƙatarsa duwatsu masu kogo. Yakan juya cikinsa ga rufin kogon, har mai shi ya zaci ciwo ne, alhali haka ɗabi'arsa take.

Haƙurinsa na ƙarewa idan ya ga irinsa, don haka ɗaya ya isa a ƙaramin akwati. A rufe saman kuma, domin yakan yi tsalle ya faɗo waje.

Wajen saye aka fi tafka asara. Royal dottyback na kama da shi matuƙa, amma mafaɗaci ne da ke hana ƙananan kifaye sakat. A duba fiffiken gadon baya: gramma na da baƙin ɗigo a wurin, dottyback ba shi da shi.