Daga Navrongo Zuwa Maamobi: Da Me Ake Auna Malamin Kiwon Lafiyar Jama'a?

Duk uwar da ke kai ɗanta awo a asibitin Maamobi, ko a Mamprobi kusa da Sabon Zongo a Akra, ta san 'yar ƙwayar nan mai taushi da nas ke yanke wa baki da almakashi, ta matse ruwanta a bakin yaro. Shuɗiya ce ga jariri ɗan wata 6 zuwa 11, ja kuma ga wanda ya cika shekara. Sinadarin bitamin A ne. Mai juna biyu ma, ranar da ta fara zuwa awon ciki, ana miƙa mata gidan sauro a leda ba ko kwabo. Waɗannan abubuwa biyu ba haka kawai gwamnati ta wayi gari tana rabawa ba. Akwai mutanen da suka kwashe shekaru suna bin gida-gida suna ƙirga yara, rayayyu da waɗanda suka rasu, kafin a yarda cewa abin yana da amfani. Ɗaya daga cikinsu ɗan Gana ne, Farfesa Fred Binka.

Binka likita ne da ya yi karatu a Jami'ar Gana, ya ƙaro ilimi a Birnin Ƙudus, sannan ya yi digirin digirgir a Basel ta ƙasar Suwizalan. Fanninsa shi ne kiwon lafiyar jama'a. Likitan asibiti yana duba mutum ɗaya da ke zaune gabansa. Shi kuwa irin wannan malami gari sukutum ne majinyacinsa. Tambayarsa ita ce: me ke kashe yaran wannan yanki, kuma me za a yi wa dubunsu lokaci guda da kuɗi kaɗan?

A ƙarshen shekarun 1980 aka kafa sansanin bincike a Navrongo, can ƙuryar arewa dab da iyakar Burkina Faso, a ƙasar Kasena da Nankana. Ayarin masana na Gana da na Landan, har da Binka a ciki, suka bi yara fiye da 21,000. Duk wata huɗu wasu su sami bitamin A, wasu su sami ƙwaya mai kama da ita wadda ba magani a ciki, kuma ko masu rabawar ba su san wace ce wace ba. Sakamakon ya fito a mujallar The Lancet a 1993: mace-macen yara ya ragu da kashi 19 cikin ɗari a ɓangaren da ya sami maganin. An riga an ga irin wannan a Indonesiya, amma Navrongo ta nuna cewa a Afirka ma haka abin yake. A 1992 sansanin ya zama cibiyar bincike ta dindindin, Binka ne ya shugabance ta.

Aikin da ya fi fito da sunansa shi ne na gidan sauro. A wancan lokaci masana da dama suna shakka. Kowa ya san gidan sauro yana hana cizo, amma shin wanda aka jiƙa da maganin ƙwari yana hana mutuwa? Daga 1993 zuwa 1995 aka raba yankin kashi 96, aka yi ƙuri'a, rabi suka sami gidajen sauro kimanin 31,000 da aka tsoma cikin maganin fametirin, rabi kuma suka jira zuwa ƙarshen gwajin. Ƙuri'ar nan ita ce ƙashin bayan aikin, domin da an zaɓi ƙauyuka da son rai, wani zai ce waɗanda suka samu dama can sun fi wadata ko sun fi kusa da asibiti. Ma'aikata suka riƙa zagayawa a kan keke da babur, suna rubuta kowace haihuwa da kowace rasuwa. A 1996 aka wallafa abin da aka gano: mutuwar yara 'yan wata 6 zuwa shekara 4 ta ragu da kashi 17 cikin ɗari. Ba mutuwar zazzaɓin cizon sauro kaɗai ba, mutuwa gaba ɗaya.

Gwaje-gwaje irin wannan a Gambiya da Kenya da Burkina Faso suka zo da sakamako mai kama da juna. Da aka haɗa su, lissafi ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da ke kwana cikin gidan sauro mai magani ana ceto rai biyar zuwa shida a shekara. A kan wannan hujja shugabannin Afirka suka tsaya a taron Abuja na Afrilun 2000, suka yi alkawarin kai kariyar ga kashi 60 cikin ɗari na yara da masu ciki. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a raba gidan sauro ga kowa da ke yankin zazzaɓin cizon sauro, kyauta ko da rangwame mai yawa. Wani nazari da ya fito a mujallar Nature a 2015 ya ƙiyasta cewa an kauce wa kamuwa da zazzaɓin har sau miliyan 663 a Afirka tsakanin 2000 da 2015, kuma kashi 68 cikin ɗari na wannan nasara gidan sauro ne ya kawo ta.

To, a cikin jami'a da me ake auna irin wannan malami? Da farko ana ƙirga maƙalun da ya wallafa a mujallun ilimi, waɗanda sai wasu masana sun tace su kafin a buga. Sannan ana duba sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da aikinsa. Mai karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba: darajar malami tana bayyana ne a yawan waɗanda ke cewa "daga wurin wane na ɗauko". A 2005 wani masanin kimiyya a Amurka, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kira h. Idan aka ce lambar malami 40 ce, ana nufin yana da maƙala 40 da aka ambaci kowace aƙalla sau 40. Shafin Google Scholar yana nuna wannan lamba ga duk mai son dubawa, kuma da ire-irenta ake yanke hukuncin ƙarin girma da rabon kuɗin bincike.

Ma'aunin yana da amfani, ban raina shi ba. Amma yana da makanta. Ba ya bambanta wanda ya jagoranci aiki da wanda sunansa ya shiga cikin mutum hamsin. Yana fifita cutar da ƙasashe masu kuɗi suka damu da ita, domin su suka fi yawan masu rubutu. Kuma bai san komai ba game da matar da ta ɗaura gidan sauro daren jiya. A ganina malamin kiwon lafiyar jama'a ana auna shi da abu uku da lamba ba ta kamawa: dokar da ta canza saboda aikinsa, mutanen da ya horar, da cibiyar da ta ci gaba da aiki bayan ya tashi.

A nan Binka yana da abin nunawa. A Navrongo aka gwada fitar da nas daga asibiti a zaunar da ita cikin ƙauye, tana bin gidaje, sarakuna da dattawa suna mara mata baya. Dakta Koku Awoonor-Williams ya maimaita gwajin a Nkwanta, kuma a 1999 Gana ta ɗauke shi ya zama tsarin ƙasa, wanda yau ake kira CHPS. Binka ya shugabanci ƙungiyar INDEPTH, wadda aka kafa a 1998 don haɗa cibiyoyin ƙidayar haihuwa da mutuwa na Afirka da Asiya. Ya riƙe Makarantar Kiwon Lafiyar Jama'a ta Jami'ar Gana da ke Legon, kuma shi ne shugaban farko na jami'ar kimiyyar lafiya da ke Ho, wadda ta fara aiki a 2012.

Sai dai abin da aka gwada a ƙauye ba kullum yake zama daidai a zango ba, kuma wannan ne ya fi damuna. A ɗakin haya ɗaya a Nima mutum shida na iya kwana, ga zafi, ga ɗauke wuta, wasu a tabarma a tsakar gida. Ina za a ɗaura gidan sauron? Nas mai bin gidaje takan tarar uwar gida ta fita kasuwa tun asuba. Ga hawan jini da ciwon suga da ke cin dattawanmu a hankali, ga babbar kwatar Nima, ga amai da gudawa irin na 2014 da ya kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar, mafi yawansu a Akra da kewaye.

Ba a ce ba a taɓa bincike a zango ba. A wajajen 2006 zuwa 2008 Farfesa Samuel Agyei-Mensah na Legon, da Raphael Arku, da Majid Ezzati wanda ke Harvard a lokacin, sun girke na'urorin auna iska a Nima da Jamestown da Asylum Down da East Legon. Sun gano cewa unguwannin talakawa sun fi shaƙar ƙura mai laushi da ke shiga can cikin huhu, kuma hayaƙin itace da gawayi yana da babban hannu a ciki, ban da na motoci da hazon hunturu. Wani abin lura shi ne ko gidanku da gas kuke girki, hayaƙin maƙwabta yana iso ku. Wannan magana ce da ta shafi mai koko da mai tuyar ƙosai da ke tsaye kan wuta tun kafin kiran assalatu, da goyon da ke bayanta. Amma an rubuta ta da Turancin masana, a mujallun da ba sa zuwa zauren mai unguwa. Maƙala za ta iya samun ambato ɗari a duniya alhali wadda aka auna iskar ƙofar gidanta ba ta taɓa jin sakamakon ba.

Don haka idan masu bincike suka yi sallama a gidanku da takarda ko da na'ura, kada ku kore su, kada kuma ku sa hannu ido rufe. Ku tambayi daga wace jami'a ko cibiya suke, da kuma ko kwamitin ɗa'a na Hukumar Lafiya ta Gana ko na jami'arsu ya amince da aikin. Haƙƙinku ne a yi muku bayani da harshen da kuke ji, haƙƙinku ne ku ƙi, kuma ƙin ba zai hana ku magani a asibiti ba. Sannan ku tambaye su ranar da za su dawo da abin da suka gano. Sarakunan zango da limamai su sa wannan ya zama sharaɗi tun kafin su ba da izinin shiga unguwa: a dawo a faɗa da Hausa, a masallaci ko a filin taro, mata ma suna ji.

Ku kuma iyaye, idan yarinya ko yaro yana da kai a lissafi da kimiyya amma bai sami gurbin likitanci ba, kada ku ce karatu ya ƙare. Akwai kiwon lafiyar jama'a a reshen jami'ar Ho da ke Hohoe, akwai babban digirinsa a Legon. Ku tura su, domin zango yana bukatar masu binciken da suka tashi a cikinsa.